Kafin motar kwasar kaya ta tashi a Amurka

Abin da masu tattaunawa kan ƙaurar gida da kamfanonin kwasar kaya suka fi nanatawa shi ne: kada ka yarda da cinikin baki. Idan ƙaura ce daga jiha zuwa jiha, dokar tarayya ta wajabta wa kamfani ya ba ka ƙiyasin kuɗi a rubuce, da takardar ɗaukar kaya. Ko ƙiyasin bai zama tsayayye ba, wato kuɗin na iya sauyawa, ka biya kashi 110 cikin 100 nasa, dole su sauke maka kayanka.

Wajen diyyar kayan da suka lalace aka fi shan kuka. Ta kyauta santi 60 ce kacal kan kowane fam na nauyi: talabijin mai fam 25 ya fashe, dala 15 za a miƙo maka, ko kunya babu. Gara ka biya cikakkiyar kariya, wadda ke bin darajar kayan ba nauyinsu ba. Ƙorafin neman diyya kuwa a rubuce, cikin wata 9 daga ranar sauke kayan.