Hasashen Chowla: me ya hana a tabbatar da shi har yanzu?

Ɗalibin Lissafi: Assalamu alaikum, malamai. Ina nazarin alamar Liouville, wadda ake ba kowace lamba gwargwadon yawan lambobin firam (lambobin da suka fi 1 waɗanda ba sa rabuwa daidai sai da 1 da kansu) da aka ninka suka gina ta: idan adadinsu ya rabu biyu daidai a ba ta +1, idan bai rabu ba a ba ta −1. Misali 12, wato 2 sau 2 sau 3, tana da −1, ita kuwa 14 tana da +1. Masanin lissafi Chowla ya yi hasashe a 1965 cewa alamar lamba ba ta da wata alaƙa da ta maƙwabciyarta. Na gwada a kwamfuta har lamba miliyan goma, na ga kamar haka ne. To, ina gizo ke saƙar?

Tsohon Malami: Wa alaikumus salam. Da farko kada ka yarda da kwamfuta a wannan fage. Pólya ma a 1919 ya kawo zancen cewa jimlar waɗannan alamomi daga 1 har zuwa kowace lamba da ta kai 2 ko fiye ba ta taɓa haura sifili, lissafin hannu kuma ya yi ta mara masa baya, sai a 1958 Haselgrove ya rushe zancen. Lamba ta farko da ta saɓa ita ce 906,150,257.

Asalin wahalar kuwa ita ce, alamar Liouville ninkawa kawai ta sani, domin alamar 6 ita ce alamar 2 sau alamar 3, alhali maƙwabtaka maganar ƙari ce. Sanin yadda 14 ta rabu ba ya gaya maka komai game da 15.

Malamar Jami'a: Malam ya yi gaskiya, amma an matsa gaba ƙwarai. A 2015 Matomäki da Radziwiłł suka nuna cewa alamomin suna soke juna ko a gajerun tazarori, kusan ko'ina aka duba. A kan wannan Terence Tao ya dogara ya tabbatar da hasashen Chowla ga lambobi biyu, kamar lamba da maƙwabciyarta, sai dai da matsakaici mai sauƙi, inda ake raba gudummawar kowace lamba da ita kanta lambar. Da wannan hanya ya warware matsalar rashin daidaito ta Erdős, wata tsohuwar matsala game da jerin +1 da −1. A ganina mutane suna raina wannan sharaɗi, alhali shi ne katangar.

Ɗalibin Lissafi: Na gode, Malama. Ke nan da matsakaici na yau da kullum, ko na lambobi biyun ba a kammala ba?

Malamar Jami'a: Ba a kammala ba. Ka fara da aikin 2015 ɗin kafin ka taɓa na Tao.