Neman shawara: tabon ruwan burtsatse ya ƙi fita daga masai

Maman Walid: Assalamu alaikum 'yan uwa. Wata 8 ke nan da muka tare a gidan haya a Rijiyar Zaki, bayan mun shekara 6 a Fagge muna sayen ruwa a hannun 'yan garuwa. Burtsatsen gidan ce ta sa maigidana ya amince da kuɗin hayar duk da tsadarsa. To, tun a wata na uku wani zobe mai launin ƙasa ya fito a cikin masan tangaran, daidai inda ruwa yake kwanciya, sannan wasu jajayen layuka suka gangaro daga ƙarƙashin bakinsa. Kullum da safe ina zuba bilic in goga da burushi, amma tabon sai ƙara kauri yake yi. Surukata za ta zo daga Gaya ranar Juma'a ta yi mako biyu, kuma mace ce mai tsananin tsafta. Ina tsoron ta ɗauka ƙazanta ce. Don Allah me zan yi?

Hajiya Babba: Wa alaikumus salam 'yata. Ki daka kanwa ki haɗa da toka, ki dirje da soson ƙarfe. Da su muka saba wanke komai, kafin a zo ana zubar da kuɗi a kan kwalabe.

Baban Sadiq: Hajiya, a gafarce ni, amma kanwa da toka ba za su taɓa wannan tabo ba. Maman Walid, ki leƙa cikin butar da kike dafa ruwa, za ki ga wani farin ɓawo ya manne a gindinta. Shi ne dai a masanki. Ruwan ƙarƙashin ƙasa yana ɗauke da sinadaran kalsiyam da magniziyam, kuma duk inda ya kwanta yana bushewa sai ya bar su su daskare kamar dutse, datti kuma ya riƙa maƙalewa a kai. Jajayen layukan alama ce ta ƙarfe a cikin ruwan, ko tsatsa daga bututu. Abu mai tsami kaɗai ke narkar da wannan ɓawo. Bilic yana kashe ƙwayoyin cuta, amma ba ya narkar da shi, tabon ƙarfe ma ƙara kama shi yake yi. Ki rufe famfon da ke kai ruwa tankin masan, ki kora ruwan, ki kwashe ragowar da kofi, sannan ki zuba ruwan khal, wato ruwan tsamin nan da ake kira binega, har ya rufe zoben. Ƙarƙashin bakin kuma ki liƙa tsumma da aka jiƙa da khal. Ki bar shi ya kwana, da safe ki goga. Idan ɓawon ya yi kauri sai an maimaita dare biyu ko uku. Soson ƙarfe kuwa kankare santsin tangaran yake yi, daga nan tabo ya samu wurin zama.

Maman Ilham: Ni abin da ya fi ci mini rai shi ne masu gidaje. Da za mu tashi daga Hotoro, mai gidan ya dage sai mun saya masa sabon masai, alhali ruwan burtsatsensa ne ya ɓata shi. Ki ɗauki hoto yanzu ki ajiye.

Abban Fati: Khal wasa ne. A samo ruwan batir wajen masu cajin batir, minti biyar ya gama aiki.

Baban Sadiq: Kada a kuskura. Ruwan batir yana ƙona fata, yana iya makantar da mutum idan ya fantsama, ga shi gida ne mai yara. Idan khal ya gaza, akwai ruwan wankin masai irin Harpic mai asid a ciki, wanda aka yi domin wannan aiki, a sa safar hannu a buɗe taga. Abu mafi muhimmanci, Maman Walid: kada bilic ya haɗu da khal ko da wannan ruwan wankin, domin haɗuwarsu tana fitar da iskar kulorin mai shaƙe numfashi. Ki kora ruwa sau da yawa, ki ajiye bilic ɗin gefe har ki gama.

Maman Walid: Na gode Malam. Sai dai ba zan iya barin bilic ba, domin yara uku ne ke amfani da banɗakin, kuma da shi mahaifiyata ta koya mini wanki. Ban da haka, banɗaki ɗaya ne a ɓangarenmu, ba zai yiwu a rufe shi dare guda ba. Soson ƙarfen ma na riga na gwada sau biyu, ban ga ya kankare komai ba.

Baban Sadiq: Kankarewar ba ta ganuwa da ido tun farko. Ki zuba khal ɗin bayan sallar isha idan yara sun kwanta. Sannan ki duba ko tankin yana ɗigar da ruwa a hankali, domin yawanci shi ke jawo irin waɗannan layuka. Idan haka ne, sai mai gyaran famfo ya canja robar ciki, in ba haka ba tabon zai dawo.

Hajiya Babba: In tsami ake nema, ai ga lemon tsami da tsamiya a kasuwa.

Maman Walid: Tankin yana ɗan yin ƙara da daddare, amma maigidana ya ce gyara na mai gida ne, shi kuma ba ya ɗaga waya. Yau Talata ce. Shin ruwan lemon tsamin zai iya maye gurbin khal ɗin, kuma guda nawa zan matse?