Matacin haske ya dawo daga masana'anta a karkace: ku da kuka taɓa gani, me kuka yi?

Ɗan Agege: Assalamu alaikum. Wata bakwai na yi ina jiran cip ɗina, ɗan guntun silikon mai sarrafa haske, daga wata masana'anta a waje, irin tsarin nan da mutane da yawa ke haɗa kuɗi a buga zanensu a faifan silikon ɗaya. Zobba huɗu na zana, wato ƙananan matatan haske masu siffar zobe da kowanne ke kama zangon haske (tsawon igiyar haske) guda, don raba tashoshin haske huɗu a kusa da zangon nanomita 1550, tazarar gigahaz 100, wato nanomita 0.8. Magudanar hasken, wato siririyar hanyar silikon da hasken ke bi, faɗinta nanomita 500, kaurinta nanomita 220, kamar yadda kowa ke yi. Wani abokina ya auna mini. Duka huɗun sun kauce da kusan nanomita 3, kuma biyu sun kusa hawa kan juna. A kwamfuta komai daidai yake. Dala na biya, ba ni da halin maimaitawa sau uku. Don Allah wanda ya taɓa shiga wannan ya faɗa mini abin da ya yi.

Malama daga Akoka: Wa alaikumus salam, ƙanena. Sannu, na san zafin. Nawa na farko ma haka ya dawo. Silikon yana matse haske sosai, ma'aunin karya haskensa kusan 3.48 ne, gilashin da ke kewaye da shi 1.44. Shi ya sa in faɗin magudana ya ƙaru da nanomita ɗaya, zangon da zobe ke kamawa yakan matsa da kusan nanomita ɗaya, na kauri kuma ya fi haka. Tashoshinka 0.8 ne tsakani. Ka ga kuskuren nanomita ɗaya ya isa ya kai ka gidan maƙwabci.

Amma kaucewar da suka yi tare ba ita ce ta fi damuna ba, hawa kan junan ne. Ina ka ajiye su? Ni a karon farko na warwatsa nawa, ɗaya a wannan kusurwa, ɗaya a waccan, don zanen ya yi kyau a ido. Kaurin silikon da sassaƙar da ake yi masa don fitar da zanen suna sauyawa sannu a hankali daga wuri zuwa wuri a kan faifan, don haka maƙwabta sun fi kama da juna. Karo na biyu na jera su kusa, suna fuskantar gefe guda, abin da ke kewaye da kowanne iri ɗaya. Sun sake kaucewa, amma tare, tazararsu ba ta lalace sosai ba.

Ɗan Agege: Anti, kamar kina kallon zanena. Biyu suna sama, biyu suna ƙasa.

Mai faiba a Lekki: Injiniya, zobe ba hita kuma, wato 'yar na'urar ɗumama shi don daidaita zangonsa? Ni aikina haɗa faiba ne, wato zaren gilashi mai ɗaukar haske, amma na yi shekara ina taya wani awo a ɗakinsa a Yaba. Zoben silikon yana matsawa kusan nanomita 0.08 a kowane digiri ɗaya. Digiri goma, ka bar tasharka gaba ɗaya. Mu nan an ɗauke wuta, kafin a tada janareta ɗakin ya ɗumame, muna kallon layin a allo yana tafiya da kansa. Sai da muka ɗora cip ɗin a kan faranti mai riƙe zafi sannan awo ya tsaya. Abu biyu na koya. Hita zuwa dogon zango kawai take turawa, ba ta dawo da shi baya, saboda haka ka zana zoben ya ɗan gaza inda kake so. Sannan zafin hitar zobe ɗaya yana tsallakawa ya taɓa na kusa, ka gyara wannan wancan ya motsa. Wannan ya saɓa wa shawarar Malama ta matso da su, dole ka nemi tsaka-tsaki.

Baban Yara, Idi-Araba: Ni zan tsaya a kan abin da ya fi burge ni, domin gyara ne tun a zane, ba bayan an buga ba. Na bar zobe na koma Mach-Zehnder, mai raba haske gida biyu, ɗaya ya bi doguwar hanya ɗaya gajeriya, su sake haɗuwa. A zane na yau da kullum faɗin hannayen biyu ɗaya ne, sai duk kuskuren faɗi ya faɗa kan rarar tsawon nan, matacin ya matsa.

Dabarar da masu bincike a Jami'ar Ghent da cibiyar imec a Beljiyam suka nuna ita ce a bambanta faɗin. Siririyar magudana tana jin kuskure sosai, mai faɗi ba ta cika ji ba, tunda haskenta yana can tsakiya nesa da bango. Sai ka sa siririya a gajeren hannu, mai faɗi a dogon hannu, ka lissafa tsawonsu yadda in masana'anta ta ƙara wa duka biyun nanomita biyar, abin da ya ƙaru a nan ya yi daidai da abin da ya ƙaru a can. Kuskuren yana nan, amma ya cinye kansa.

Na gwada. Na farko bai yi ba, kuma laifina ne: na sa mazurarin da ke sauya faɗi a hannu ɗaya, ban sa irinsa a ɗayan ba. Da na gyara, na auna kwafi daga wurare daban-daban na faifan, na ga sun taru kusa da juna fiye da na gargajiyar da na ajiye a gefensu don kwatance. Farashinsa fili ne, na'urar takan yi tsawo sosai. Kuma faɗi biyu matsalar faɗi kawai suke magancewa, ta kauri tana nan. Kada ka manta da mahaɗar da ke raba hasken. Mai magudana biyu a jere da ratar nanomita 200 ta ba ni wahala, in ratar ta motsa rabon ya daina zama rabi da rabi. Na koma mai faɗin ciki, wadda ake kira MMI, ta fi haƙuri.

Alhajin Ikeja: Ɗana, tambaya ɗaya: wa ya tilasta maka 0.8? Tela mai hankali yakan bar rara a ɗinki. Tsakanin na'urori a cibiyar adana bayanai ana amfani da tashoshi huɗu a 1271, 1291, 1311 da 1331, tazarar nanomita 20. Da na koma can, na yi mataci mai shimfiɗaɗɗen kai, wato mai barin yalwataccen zango ya wuce, kaucewar nanomita 3 ba ta hana ni barci ba. Na kuma gwada silikon naitirayid, ma'aunin karya haskensa kusan 2, zafi bai cika motsa shi ba, sai dai lanƙwasarsa tana cin wuri.

Malama daga Akoka: Ƙari kaɗan. KLayout da gdsfactory, manhajojin zanen cip, kyauta ne. Kafin ka aika, ka sa kwamfuta ta jijjiga faɗi da kauri sau ɗaruruwa ka ga kashi nawa ke tsira. Kuma ka buga kwafi uku na kowane mataci, ɗaya daidai, ɗaya an ƙara nanomita 10 a faɗi, ɗaya an rage.

Ɗan Agege: Allah ya saka da alheri. Baba Alhaji, 0.8 ɗin dole ne, layin nesa ake son haɗawa da shi. Zan matso da zobban, in sa wa kowanne hita, in buga na Baban Yara a gefe don in gani da idona. Mai faiba, tazarar nawa kuka bari tsakanin hita da hita kafin zafin ya daina tsallakawa?