Yaron da ba ya magana da baki ma yana son aboki

Mun zauna da wasu malamai a nan Sakkwato kan yadda yaran da ke maganar hannu, ko masu amfani da allon hotuna, wato allon da suke nuna hoto a kai don faɗin abin da suke so, za su samu abokai. Abin da aka fi nanatawa shi ne a koya wa ajin duka hanyar. Idan malama kaɗai ke gane alamun yaro, da ita kaɗai zai yi hira, alhali abokin wasa yake nema. Alama biyu kowace safiya sun isa, a fara da "zo mu yi wasa".

Allon ma kada ya tsaya ga ruwa, abinci da ban-ɗaki. A sa langa, carafke, ƙwallo da sunayen 'yan aji, har da abin tsokana, don da raha yara ke shaƙuwa.

An ja kunne kan gaggawa: nuna hoto na cin lokaci, yara su jira, kada su amsa a madadinsa. Abin da ya fi taɓa ni shi ne lokacin tara. Allon na cikin jaka, yara kuwa na wasa a inuwar dogon yaro. Shawarar ita ce a yi wa yaron ƙaramin allo, ya rataya a wuya.