Jijiyoyin ƙafar Mma sun fito sun murɗe, hawan jini ne ya jawo?

Yar_Aboabo:
Salamu alaikum yan uwa, dan Allah masu ilimin lafiya a gidan nan ku taimaka mun. Mma ɗina waakye, wato shinkafa da wake, take saidawa anan Aboabo a Kumasi, tun kafin kiran assalatu tana tsaye gaban tukunya har wajen azahar, shekara da shekaru haka take. Toh yanzu jijiyoyin bayan ƙafarta duk sun fito sun kumbura sun murɗe, kore-kore haka, in yamma tayi sai tace ƙafar ta mata nauyi kuma idon sawun ya ɗan tasa. Dama tana da hawan jini tana shan magani. Ni a tunanina hawan jinin ne ya hura jijiyoyin tunda ai ƙarfin jini ne yayi yawa ko? Amma da muka je awo nas ɗin tace ba ruwan wannan da wancan, layi yayi tsawo ban samu na tambayeta dalili ba. Gwaggona kuma ta dage wai mataccen jini ne ya taru, a kira wanzami ya kafa ƙaho a wajen. Wai ba duk jijiyar jini ɗaya bace? Ya za'ayi jini ya hau a jiki amma ace ba shi ya kumbura su ba?

Dan_Lab_Asawase:
Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya ƙara wa Mma lafiya. Nas ɗin gaskiya ta faɗa miki, kuma dalilin yana cikin yadda aka gina bangon jijiyar, abun da sai an yanka ta siriri an sa mata kala an duba a maikiroskop, na'urar ƙara girman ƙananan abubuwa, ake gani. Irin aikin da muke yi kenan.

Jijiyoyin jini ba iri ɗaya bane. Akwai mai kai jini daga zuciya zuwa jiki, wadda muke kira atari, itace kike jin tana bugawa in kin ɗora yatsa a wuyan hannu. Akwai mai dawo da jini zuwa zuciya, itace kike gani kore a bayan hannu kuma a ita nas take ɗiban jini. Sannan a tsakaninsu akwai wasu ƙanana ƙwarai da ido baya gani, kafilari.

Manyan biyun nan bangonsu hawa uku ne. Na can ciki wanda jini ke gogawa shimfiɗa ce ta sel, wato ƙananan ƙwayoyin da suka gina jiki, layi ɗaya tak, falan-falan, sunanta endoteliyom. Na tsakiya tsoka ce da ta zagaye jijiyar haɗe da zaruruwa masu talewa su dawo, wannan tsokar ba ke kike juya ta ba, aikinta take ko kina barci. Na waje kuma zare ne mai tauri, kolajin, shi ke ɗaure jijiyar da naman da ke kewaye da ita. Toh a atari hawan tsakiyan nan kauri ne dashi sosai, in kin duba ta a gilashi zaki ganta zagaye tsaf bakinta a buɗe, kuma akwai wani layi mai lanƙwasa-lanƙwasa dab da cikin bangon, ɗalibai da shi suke gane ta a jarabawa. Mai dawo da jini kuwa tsokarta kaɗan ce, bangon siriri, ramin faɗi, yawanci a gilashi zaki ganta a lotse ba ta da wani siffa tsayayye.

Wancan lambar da ake faɗa miki a asibiti, 120 bisa 80 ko 150 bisa 95, ƙarfin jinin cikin atari ne kawai. Kafin jinin ya ratsa ƙananan atari ya bi ta kafilari ya faɗo cikin mai dawowa ƙarfin ya riga ya mutu saura ɗan kaɗan, shi yasa hawan jini baya isa can ya hura su. Abun da ke wahalar da jijiyoyin ƙafar Mma nauyin jinin ne kanshi. Mutum na tsaye cak, jinin da ke tsakanin zuciya da idon sawu duk yana danna ƙasa, matsin a idon sawu yakan kai wajen 80 zuwa 90 a irin ma'aunin awon jinin nan, amma da ya fara tafiya sai ya sauko ƙasa da 30. Dalili, a cikin jijiyar akwai bawul, ƴan fatu biyu ƙanana masu buɗewa sama kawai, duk takun da kika yi tsokar sha-raɓa ta matse jijiyar jini ya haura, bawul ya rufe kar ya dawo. In bangon ya saki jijiyar ta buɗe, fatun biyu sun daina haɗuwa, jini ya dinga zamewa baya yana taruwa, jijiyar ta ƙara faɗi da tsawo, tunda ba wajen miƙewa sai ta murɗe. Gado na ciki, haihuwa na ciki, ƙiba da tsayuwar kullum suna ƙarawa.

Alhaji_Mayanka:
Ɗana mai lab wallahi ka faɗi abun da muke gani kullum bamu san karatun shi ba. Ni mahauci ne tun ina saurayi. In mun fasa saniya akwai wata babbar jijiya da ta fito daga zuciya ta bi ƙashin baya, fara ce mai ɗan ruwan ɗorawa, ka yanke ta bakinta na nan a hangame baya rufewa, ka ja ta da hannu ta miƙe ka saki ta koma, wuƙa ma sai ka ɗan danna. Gefenta kuma akwai wata itama babba amma laushi, da jini ya zube sai ta kwanta ta manne, yatsa ma zai iya huda ta. Kuma wajen yanka kowa ya san akwai wadda jininta ke tsartuwa yana tsalle ja jawur, akwai wadda nata ke kwarara a hankali ya fi duhu. Yata ki zo mayanka da safe in nuna miki da idonki, ba sai da na'ura ba.

Dan_Lab_Asawase:
Ranka ya daɗe Alhaji ai kai ka riga mu gani. Wannan farar itace awota, a jikin mutum babba faɗinta wajen santimita 2 da rabi zuwa 3 ne, kuma ruwan ɗorawan da ka gani na zaruruwan nan masu talewa ne, ilastin, an jera su hawa-hawa masu yawa a bangon. Duk bugun zuciya sai ta ɗan buɗe ta karɓi jinin sannan ta koma ta tura shi gaba, shi yasa jini baya tsayawa tsakanin bugu da bugu. In mutum ya manyanta takan yi tauri, lambar sama ta awon jini ta dinga hawa.

Inda hawan jini ke ɓarna kuma ƙanwata ba a gani da ido, nan ne abun tsoron. Ƙananan atari na dab da kafilari, masu tsoka layi ɗaya ko biyu, su ke matsewa su saki suna raba jini, in sun zauna a matse ƙarfin jini ya hau, shekaru na tafiya bangonsu ya yi kauri ramin ya tsuke. A ƙoda akwai ƙulli-ƙullin kafilari kusan miliyan ɗaya a kowace guda masu tace jini, su ke fara galabaita, haka ƙananan jijiyoyin ƙwaƙwalwa, daga nan ake samun shanyewar ɓarin jiki. Wajen da likita ya saba leƙa ƙananan jijiyoyin nan kai tsaye ba yanka shine bayan ido, shi yasa ake haska ido wa mai hawan jini da mai suga.

Ita shimfiɗar ciki ɗin ma da ana ɗauka kwance kawai take ba ta komai, ashe tana fitar da wata iska, naitirik okisaid, mai sa tsokar bangon ta saki kuma tana hana jini daskarewa. Mutum uku suka ci kyautar Nobel a 1998 akan wannan, Furchgott da Ignarro da Murad. Taba sigari da suga in yayi yawa ita suke fara lalatawa.

Ummu_Sawaba:
Ni dai maganar ƙaho ce ta tsaya mun a rai, ai ƙaho sunna ne kuma mun taso muna gani ana yi ana samun sauƙi, kuma jinin da ke fita baƙi ƙirin yake fita, in ba matacce bane me ya sa shi baƙi? Ba gardama nake ba ina son sani ne.

Nas_Hajara_K:
Anti Ummu ba wanda ya ce ƙaho haramun ne, maganar inda za'a kafa shi ake. Jinin cikin jijiya mai dawowa dama can duhu gare shi a jikin kowa har jariri, saboda ya sauke wani kaso na oksijin ɗinshi a hanya, da ya koma huhu zai sake yin ja, kuma in ya fito ya daskare a ƙaho sai ya ƙara duhu. Koren da kike gani ma ba kalar jinin bace, fata ce ke sa ido ya ganshi haka. Amma a tsaga fata akan jijiyar da ta riga ta kumbura bangonta yayi siriri, wlh kar a yi, jini zai iya ɓallewa da yawa, kuma fatar wajen idon sawu a irin wannan ƙafar ba ta warkewa da wuri, ƙaramin ciwo ya zama gyambo na wata da watanni, muna wanke irinsu a wajen aiki ba daɗin gani.

Yar_Aboabo ki duba kwalin maganin Mma, in amlodipine take sha shi kanshi yana sa idon sawu ya tasa, saboda yana buɗe ƙananan atari ɗin nan da yayanmu ya faɗa, jini ya shiga kafilari da ƙarfi ruwa ya ɗan tsattsafo cikin nama. Kar ta daina sha fa, ta faɗa wa likita in ta koma shi zai san ko ya canza. A wajen sana'a kuma ki samar mata doguwar kujera ta dinga zama tsakanin masu saye, in tana tsaye ta dinga ɗaga dunduniya tana saukewa, in ta dawo gida ta kwanta ta ɗora ƙafa akan filo ya fi ƙirjinta tsawo. Akwai safa mai matsewa ta asibiti tana taimakawa sosai amma a fara auna mata jinin ƙafar kafin ta sa, musamman in tana da suga. Ranar da kika ga ƙafa ɗaya ta kumbura lokaci guda da zafi da ciwo, ko numfashi ya mata wuya, kar ki tsaya shafa man zafi ku tafi asibitin Komfo Anokye ko wanda ya fi kusa a take, gudan jini a jijiyar can ciki ba abun wasa bane.

Malam_Tech:
Ina ta bin ku a hankali. Kafilari ɗin nan da kuka wuce da sauri ni ita tafi bani mamaki. Faɗinta maikiromita 5 zuwa 10 ne, maikiromita kuwa milimita ɗaya ce aka raba dubu, ita kuma jar ƙwayar jini wajen 7 zuwa 8 take, kenan dole su bi layi ɗaya bayan ɗaya wata ma sai ta lanƙwashe, kamar lungun Zango da in kun haɗu da mai tallan koko sai ɗaya ya karkace. Bangonta ba tsoka ba komai, sel layi ɗayan nan ne kawai, kuma duk wahalar zuciya da manyan jijiyoyi dan a kawo jini nan ne, nan oksijin da abinci ke fita su shiga nama. Kuma ba iri ɗaya bace ko'ina, ta ƙwaƙwalwa a liƙe take gam har magunguna da yawa basa iya ratsawa, ta ƙoda da hanji tana da ƴan ƙofofi, ta hanta kuwa gibi ne manya.

Ibn al-Nafis da yayi likitanci a Alƙahira ya rasu 1288 ya rubuta cewa jini ta huhu yake bi daga ɓarin dama na zuciya zuwa hagu, har yace dole akwai ƴan hanyoyi ƙanana tsakanin jijiyoyin huhun. William Harvey na Ingila ya fitar da bayanin zagayen jini a 1628 amma har ya mutu bai ga mahaɗar atari da mai dawowa ba, wato kafilari, sai 1661 Malpighi ɗan Italiya ya ganta a huhun kwaɗo da maikiroskop. Mu nan Kumasi abun ya shafe mu ta wajen sikila, ƙwayar da ta lauje ta yi tauri bata iya lanƙwashewa ta wuce, sai ta maƙale ta toshe hanya naman gaba ya rasa oksijin, ciwon ƙashin da yaran ke kuka dashi kenan. Gwajin sikila na jarirai a Ghana ma anan garin aka fara shi a 1995 ƙarƙashin Farfesa Ohene-Frempong.

Yar_Aboabo:
Kai Allah ya saka muku da alheri gaba ɗaya, na duba kwalin yanzun nan amlodipine ne kuwa 10. Na karanta wa Mma tana ta dariyar maganar Alhaji tace ita ma ta san wannan farar jijiyar a naman miya bata nuna da wuri. Kujera kam sai an sha fama, cewa take mai waakye in ta zauna masu saye zasu ɗauka ya ƙare. Gwaggo ce ban san ta inda zan ɓullo mata ba dan ta riga ta yi wa wanzamin magana. Anti Hajara ita safar a kemis ake samu ko sai likita ya rubuta, kuma ana kwana da ita ne?

Nas_Hajara_K:
Manyan kemis na da ita amma ki bari a auna ƙafar tukuna dan girma-girma ce kuma matsinta ba ɗaya ba. Da asuba take sawa kafin ta sauko daga gado ƙafar bata kumbura ba, in zata kwanta ta cire. Gwaggo kuma ki tafi da ita ranar awo ta ji daga bakin likita, ke in kika faɗa cewa zata yi yarinya ce.