Neman kalma: me za mu kira 'yan halittun da ke ba da labarin kogi?

'Yan uwa masu Hausa, ina neman taimako. Ina shirya wa ɗalibaina darasi a nan Yamai, na zo kan kalmar Faransanci bioindicateur na tsaya cik. Bari in faɗi abin da take nufi, sai ku taya ni laluben sunanta.

Ran Asabar na sauka bakin kogin Isa wajen Gudel, sama da gari, na ɗaga wani dutse daga cikin ruwa. A ƙarƙashinsa ga wata tsutsa ta gina wa kanta ɗan kube da ƙwayoyin yashi, ta leƙo da kai ta koma. Kusa da ita ga 'ya'yan mazari, ga katantanwa ƙanana kamar ƙwayar wake. Irin mai kuben nan ruwa mai gudu take so, mai isasshiyar iska. Da na gangaro inda ƙoramar Gunti Yena ke zubo ruwan kwatar gari, na tona laka, sai jajayen tsutsotsi sirara kamar zare. Jininsu na riƙe iska kamar namu, shi ya sa suke rayuwa inda sauran suka mutu. In ka ga su kaɗai sun cika wuri, ruwan ya ɓaci. Kwalbar ruwa da aka kai awo, labarin sa'ar da aka ɗebe ta take bayarwa. Su kuwa ba su iya ƙaura kamar kifi, labarin watanni ne a jikinsu. Halittar da ke nuna lafiyar ruwa haka, ita nake nema wa suna.

Na gode da amsoshinku. Da yawa kun ce ƙwarin ruwa. Ba na so, ga dalili: Bahaushe in ya ji ƙwaro, magani yake nema ya kashe shi. Alhali waɗannan su ne abincin kifin da Sarkawa ke kamawa, su ke cinye ruɓaɓɓen ganye su tsabtace gindin kogi. Marasa ƙashin baya kuma daidai ne, mu bar shi ga dukan dangin, da matsattsaku da ƙaguwa da tana, amma bai faɗi aikin da suke mana ba.

Malam daga Tawa, ka kawo ma'aunin ruwa, ka ce da shi kake yi wa yara bayani kan tabkin Tabalak. Allah ya ƙara sani. Sai dai mu nan, tun ambaliyar 2020 musamman, in aka ce ma'aunin ruwa hankalin kowa na kan sandar da ke nuna hawan kogi.

Hajiya, taki ce ta zauna mini: shaidun ruwa. Shaida ba ya yanke hukunci, abin da ya gani yake faɗa, alheri ko akasinsa. Katantanwar da ke ɗauke da tsargiya ma shaida ce, tana gaya maka kada yaro ya yi wanka nan. Kuma an taɓa kafa su shaida a aikace. Lokacin yaƙin makantar kogi da aka fara a 1974, ana zuba magani ta jirgin sama cikin koguna don kashe tsutsar baƙin ƙudan da ke yaɗa cutar, masana na bin sauran halittun gindin ruwa suna ƙirgawa, don su gane ko maganin ya wuce gona da iri. A 2025 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar Nijar ta rabu da cutar, ƙasa ta farko a Afirka.

Saura tilo. Wani ƙanena ya rubuta shaidan ruwa, na ce a'a. Yawancinmu ba mu sa lanƙwasa a waya, za a karanta shi shaiɗan, kuma a bakin kogi maganar mutanen ruwa ba abin wasa ba ce. Don haka guda ɗaya mashaidin ruwa, da yawa shaidun ruwa. Da su zan shiga aji ran Litinin, da dutsen Gudel a cikin bokiti.