Zullumin yanayi ko fargabar yanayi?

Jama'a, ku taya ni. Ina cikin rubutu kan lafiyar ƙwaƙwalwa sai na ci karo da kalmar eco-anxiety, na tsaya cak. Ana nufin halin da mutum kan shiga idan ya yi ta tunanin inda sauyin yanayi zai kai duniya, har barci ya ƙaurace masa. Kuma masu fama da shi suna da yawa: a binciken da mujallar Lancet Planetary Health ta buga a 2021, an tambayi matasa 10,000 a ƙasashe 10, kashi 59 cikin ɗari suka ce abin yana damunsu ƙwarai.

Na fara rubuta "damuwar yanayi", na goge. Likitoci sun riga sun kama "ciwon damuwa" don wata cuta daban, kada mu rikita mutane.

Wani malamina ya ce, "Ɗana, sa fargaba mana." Allah ya ƙara wa Malam lafiya, amma ban gamsu ba. Fargaba faɗuwar gaba ce, tsawa ta faɗi, gabanka ya yanke, an jima ya lafa. Wannan kuwa ba ya lafawa. Shi ne ka farka ƙarfe biyun dare kana duba hasashen yanayi a waya, ka ji an fara yayyafi a kan kwano, maimakon ka ce alhamdu lillahi sai ka tashi kana ɗaga kaya daga ƙasa. Abin bai zo ba, amma ya riga ya zaune maka a ƙirji. Hausa tana da sunan wannan tun tuni: zullumi.

Don haka na tsaya a kan "zullumin yanayi". Da gangan na ƙi sa "ciwon" a gaba, domin wanda ya taɓa ganin ambaliya, zulluminsa hankali ne. Yakan yi sauƙi in an faɗa wa wani, an rage bin labarai da dare, an shiga aikin gayya kamar dashen itatuwa. In ya hana ci da barci har makonni, a ga likita.

Saura guda. Glenn Albrecht, masanin falsafa ɗan Ostareliya, ya ƙirƙiro kalmar solastaljiya, wato ƙuncin da mutum kan ji idan mahallinsa ya lalace yana zaune a cikinsa, bayan ya ga yadda haƙar kwal ta sauya wa mutanen kwarin Hunter mahallinsu suna ji suna gani. Ni dai na rubuta "kewar gida kana gida". Ta yi tsawo, na sani. Wa ke da gajeriya?